Itace Ya Yi Tsada: Kada Mu Ƙone Abincin Gonarmu



Maganarmu ta yau a kan wutar girki take. Duk inda aka zauna ana kukan tsadar rayuwa. Ana maganar tiyar hatsi, ana maganar buhun shinkafa, ana maganar litar mai. Amma hatsi ba ya zama tuwo sai da wuta, wake kuma ba ya ciwuwa ɗanye. Gidan da ke da hatsi a rumbu, in ba shi da abin hura wuta, da yunwa zai kwana. Saboda haka tsadar itace ƴar uwar tsadar abinci ce.

Ga abin da muke gani. Talaka ba a kasuwa kaɗai yake biyan kuɗin wuta ba. In kuɗin aljihu suka gaza, sai a koma ga kara da kashin shanu da leda. Daga nan gona ce ke biyan sauran, tare da ƙirjin uwa da na ɗanta. Wannan bashi ne da ba a rubuta shi a takarda, amma ya fi na kasuwa nauyi. Muna ganin akwai hanyar rage shi. Wani aikin yana hannunmu, wani kuma yana wuyan magabata.

Me ya sa wuta ta yi tsada?

Ruwa ba ya tsami banza. A ƙasarmu, cikin gida goma, fiye da tara da itace ko gawayi ko kara suke girki. Mutane kuwa sun ƙaru. Ƙidayar 1988 ta samu mutum miliyan 7 da ƴan kai. Ƙidayar 2012 ta samu fiye da miliyan 17, kuma tun daga lokacin ƙaruwa muke yi. Kowane sabon gida sabon murhu ne. Dajin da ke kusa da gari ya zama gona, wani ya zama unguwa.

Manyan birane kamar Yamai, Maraɗi, Damagaram da Tawa suna cin itace kullum, alhali ba a raina shi a cikinsu. Motoci da amalanke da raƙuma ke kawo musu shi daga karkara. Da dajin kusa ya ƙare, sai aka matsa nesa. Tafiya mai nisa kuwa mai take ci, kuɗin man kuma a kan ɗaurin itace ake ɗora shi.

Shi ma man ya sha hawa da sauka. Ranar 29 ga watan Mayu 2023, shugaban Najeriya Bola Tinubu ya ce an cire tallafin da gwamnati ke yi wa man fetur. Farashi ya ninka kusan sau uku a can. Garuruwanmu na bakin iyaka, tun daga Birnin Konni har Magarya, sun daɗe suna sayen man da ke ƙetarowa da araha, ana sayar da shi a kwalba a bakin hanya. Wannan arahar ta tafi. Mai kabu-kabu ya ƙara kuɗi, mai injin ban ruwa a gandun noman rani ya ji a jikinsa.

Bayan juyin mulkin 26 ga watan Yuli 2023, ƙungiyar CEDEAO ta sa wa ƙasarmu takunkumi. A farkon watan Agusta Najeriya ta yanke wutar lantarkin da take turo mana. A lokacin, kusan kashi bakwai cikin goma na lantarkinmu daga can yake zuwa. Sai bayan ɗage takunkumin a watan Fabrairu 2024 wutar ta dawo. A watan Yuli 2024 gwamnati ta rage kuɗin litar fetur zuwa dala 100 ba tamma ɗaya. A watan Maris 2025 kuma aka yi ƙarancin mai, motoci da babura suka yi dogon layi a gidajen mai.

Wani zai ce: ina ruwan wanda ba shi da mota, ba shi da lantarki? Gaskiya ne, cikin mutum biyar na ƙasarmu, kusan ɗaya ne kawai ke da lantarki a gida, a karkara kuwa abin bai kai haka ba. Amma tsadar mai ba ta tsallake kowa. Tana shiga gida ta kuɗin niƙa, ta kuɗin mota zuwa kasuwa, ta kuɗin cajin waya, ta ɗaurin itacen da ya ƙanƙance alhali kuɗinsa bai ragu ba.

Talaka ya fi mai hali biya

Mai hali yana sayen amalanke guda na itace da rani, lokacin da yake bushe kuma da sauƙi. Ya jibge a gida, ya huta. Talaka kullum yake saye, ƙulli ƙulli, gwargwadon abin da ya samu a ranar. Mai sayen ƙulli yana biyan ribar mutum uku ko huɗu: mai sara, mai ɗauko, mai faskare, mai kasawa. Da damana kuma itace ya jiƙe, hanyoyi su ɓaci, farashi ya hau. Lokacin ne rumbu ya yi ƙasa, lokacin ne kuma aikin gona ya fi bukatar abinci mai zafi.

Mu yi lissafi tare. A ce gida yana sayen itacen dala 60 kowace rana. A kwana 30 ya kashe dala 1800, wato jika 9. A wata 12 ya kashe jika 108. Wannan misali ne kawai. Kowa ya ɗauki alƙalami da takarda, ya rubuta abin da gidansa ke kashewa a kan itace, gawayi, batir da caji har kwana bakwai. Ya tara, ya gani da idonsa. Da yawa za su tarar kuɗin da ke tafiya a hayaƙi a shekara sun isa sayen tunkiya ko buhunan hatsi.

A ƙauye sau da yawa ba a sayen itace, sai a ce kyauta ne. Ba kyauta ba ne. Mata da ƴan mata ke biyansa da ƙafa da wuya. Matar da ta fita da hantsi ta dawo da azahar da ɗauri a kai ta rasa lokacin sana'arta. Yarinyar da aka aika itace ta rasa darasi. A wasu yankuna na kan iyaka, inda ƴan bindiga ke yawo, shiga daji ma ya zama sayar da rai.

Abin da gona ke biya

In itace ya gagara, ido sai ya koma kan kara. Ana gama girbi a kwashe karan hatsi da na dawa ƙaf, har da tushiya. A bi makiyaya ana tsintar kashin shanu. Ba mu zargin kowa, domin uwa ba za ta zuba ido yara su kwana da yunwa ba. Amma ya kamata mu san abin da muke ƙonawa.

Karan da aka bari kwance a gona aiki yake yi. Yana tare iskar hunturu, ya hana ta kwashe ƙasar sama, wadda ita ce mai albarka. Yana kama ƙurar da iska ta ɗauko daga wani wuri. Gara tana cin sa, ta huda ƙasa, ruwan sama ya samu hanyar shiga. Abin da ya ruɓe ya zama taki. A farkon damana, kara yana kare ƙananan shuka daga yashin da iska ke watsawa ya binne su. Manoma sun san haka: wurin da ya zama fako, in aka shimfiɗa masa kara da rassa, sannu a hankali yakan farfaɗo.

Kashin shanu kuwa ba sai an faɗa ba. Tun kakanni manomi ke roƙon makiyayi ya sauka a gonarsa da rani, har ya ba shi hatsi, don shanu su bar masa taki. Yau takin zamani ya yi tsada, ba kowa ke iya sayen buhu ba. Takin da Allah ya ba mu a gida, in muka sa shi a murhu, tukunya ɗaya zai dafa ya zama toka. In muka kai shi gona, zai ciyar da ƙasa har shekara biyu ko uku.

Ga yadda abin ke zagayawa. An ƙone kara da taki, gona ta gaji. Gona ta gaji, damman da aka saba samu ya ragu. Hatsi bai kai shekara ba, sai a sayi na kasuwa. Kuɗi sun tafi a hatsi, babu na itace. Sai a sake komawa kan kara. Wanda ya ƙone abincin gonarsa bana, tuwon baɗi ya sa a wuta.

Abin da ƙirji ke biya

Mun saba da hayaƙi har ba mu ɗauke shi ciwo ba. Uwar gida tana hura wuta, ido na hawaye, tana tari, a ce ai haka girki yake. Amma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2020 hayaƙin cikin gida ya yi sanadin mutuwar mutum kamar miliyan 3 da dubu 200 a duniya. Cikinsu har da yara fiye da dubu 237 waɗanda ba su kai shekara biyar ba.

A cikin hayaƙi akwai ƙura mai laushi da ido ba ya gani. Tana shiga har cikin huhu ta zauna. Jaririn da ke goye a bayan uwa yana shaƙar abin da take shaƙa, alhali huhunsa bai yi ƙwari ba. Wannan yana buɗe ƙofa ga ciwon huhu, wanda ake kira sanyin haƙarƙari, ɗaya daga cikin cututtukan da suka fi kashe ƙananan yara a ƙasarmu. Ga manya kuma yana kawo tari mai daɗewa, da ciwon ido, da ciwon zuciya. Mace mai ciki da ke yini cikin hayaƙi tana iya haihuwar ɗa maras nauyi.

Tsadar itace tana ƙara wannan ciwo. Ɗanyen itace da kara da kashin shanu sun fi busasshen itace hayaƙi. Mafi muni ita ce leda da tsohon takalmin roba da ake kunna wuta da su. Hayaƙinsu guba ne. Kada mu kunna wutar abinci da leda, ko da ƙanƙanuwa ce.

Akwai wani haɗarin da ke zuwa da hunturu. Mutane sukan shiga ɗaki da kaskon gawayi, su rufe ƙofa da taga, su kwanta. Garwashi yana fitar da wata iska mai guba wadda ba ta da wari, ba ta da launi. Takan sa ciwon kai da jiri da amai, takan kuma kashe mutum cikin barci. A fitar da kasko waje kafin a kwanta. In an tarar da wani ya galabaita a irin wannan ɗaki, a fito da shi sarari nan take, a kai shi likita.

Iyaye su riƙe waɗannan alamu. In yaro yana tari da zazzaɓi, yana numfashi da sauri, ko kuwa ƙasan ƙirjinsa yana lotsawa ciki in ya ja numfashi, ko ya kasa shan nono, kada a jira gobe. A kai shi likita a ranar.

Rashin wuta yana cutarwa ta wata hanyar kuma. Gidan da itace ya yi wa wuya yakan daina dafa wake, domin yana cin wuta, alhali wake ne naman talaka. Yakan bar ɗumamen tuwo a ci shi da sanyi. Yakan fasa dafa wa jariri kununsa daban. Abincin da ya kwana ba a ɗumama shi sosai ba yana kawo zawo. Yaron da ke zawo, ba ya samun kunu mai kyau, shi ne tamowa ke kamawa.

A rage abin da murhu ke ci

Murhun duwatsu uku gadonmu ne, amma maɓarnaci ne. Cikin kashi goma na zafin wuta, da ƙyar kashi ɗaya ko biyu ke shiga tukunya. Sauran iska ke kwashewa. Tun shekarun 1980 aka fara yaɗa ingantaccen murhu a ƙasarmu. Akwai na ƙarfe mai suna Mai Sauƙi, wanda maƙeranmu ke ƙerawa. Akwai kuma na laka, wanda mace za ta iya ginawa da hannunta.

Na laka ba ya bukatar kuɗi. A kwaɓa yumɓu da ƙaiƙayi da ɗan kashin jaki, a bar shi ya kwana biyu ya tsima. A dasa duwatsu uku, a ɗora tukunyar da aka saba girki da ita. A zagaye da bango har zuwa wuyan tukunya. A bar tazarar yatsa ɗaya tsakanin bango da tukunya, don hayaƙi ya samu hanya. A yanke ƙofa ɗaya ta sa itace. A bar shi ya bushe sarai kafin a hura wuta. Kowace tukunya da murhunta, domin murhun da ya fi tukunya girma ba ya tsimin komai. In ya tsage, a lilla masa laka, kada a jira ya rushe.

Murhun da aka yi daidai, aka kuma yi aiki da shi daidai, yana iya rage kamar kashi ɗaya cikin huɗu na itace. Mu koma ga lissafinmu: kashi ɗaya cikin huɗu na jika 108 shi ne jika 27 a shekara. Amma mu faɗi gaskiya, ingantaccen murhu ba ya kawar da hayaƙi duka. Dole a yi girki a sarari ko a rumfa mai shan iska. In madafa ɗaki ce, a huda mata taga biyu. A ajiye jariri nesa da murhu, wani ya riƙe shi har a gama.

Akwai ƙananan dubaru da ba su cin ko dala. A faskara itace ƙanana, a shanya shi ya bushe. A jiƙa wake tun da dare. A haɗa kayan miya kafin a kunna wuta. A rufe tukunya da murfi. In ruwa ya tafasa a janye itace ɗaya, domin tafasa mai ƙarfi ba ta sa abinci saurin nuna. In an gama a kashe ragowar itace da yashi, a adana gawayin. Wake ko shinkafa in sun tafasa sosai, ana iya sauke tukunya a rufe, a sa ta cikin kwando, a naɗe ta da tsofaffin zannuwa. Zafin da ke ciki zai ƙarasa dahuwar.

A raina itace a gona

Wannan ita ce babbar magana, kuma ba daga waje za mu koyo ta ba. Manoman jahar Maraɗi da ta Damagaram ne suka nuna wa duniya. A 1983 wani ma'aikacin noma ɗan ƙasar Ostareliya, Toni Rinaudo, da ke aiki a Maraɗi, ya lura cewa ƴan tsiron da ake sassabewa kowace shekara ba ciyawa ba ne. Kututturan itatuwa ne masu rai, saiwarsu na nan cikin ƙasa. Bayan yunwar 1984, manoma suka fara gwada barin su. A shekarar ce kuma aka yi babban taron ƙasa a Maraɗi kan yaƙi da hamada.

Aikin, wanda ake kira sassaben zamani, ba shi da wuya. Lokacin sharar gona, maimakon a sare tsiron kalgo ko sabara ko gawo ko magarya duka, sai a zaɓi rassa biyu zuwa biyar masu ƙarfi, masu miƙewa. A yanke sauran da wuƙa mai kaifi, ana yi daga ƙasa zuwa sama don kada ɓawo ya yage. A rage ƙananan rassan da ke gindi. A sa alama don kowa ya san mai gona ne ya bar su da gangan. Ba a sayen iri, ba a ban ruwa, domin tsohuwar saiwa ta riga ta kai ga laima. Kowace shekara ana iya yanke reshe ɗaya a bar sabo ya maye gurbinsa.

Bayan kamar shekara ashirin, masu bincike suka duba hotunan da aka ɗauka daga sama, suka kuma zagaya gonaki. Suka ƙiyasta cewa itatuwa kamar miliyan 200 sun tashi a fili mai faɗin eka ta hekta miliyan 5. A garuruwa kamar Ɗan Saga, cikin gundumar Agye, mutane sun kafa kwamitin tsaron itatuwa, maza da mata da makiyaya a ciki. A kwarin Majiya ta jahar Tawa kuma, layukan dogon yaro da aka fara dasawa a 1975 don tare iska sun ba mutane itace da sandunan gini.

Mun san abin da masu shakka ke cewa. Na ɗaya, itace yana yi wa hatsi inuwa, yana tara tsuntsaye. Amsa ita ce a rage rassa kafin shuka. Rassan da aka rage su ne itacen girkin damana. Gawo kuwa da damana yake zubar da ganye, kuma kowane manomi ya san hatsin gindin gawo ya fi na fili kyau. Na biyu, wani zai zo da dare ya sare. Wannan gaskiya ne, shi ya sa aikin ba na mutum ɗaya ba ne. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Gari ya zauna gaban mai gari, a sa doka, a sa masu tsaro, a shigar da makiyaya cikin shawara tun farko. Na uku, tsoron tara daga ma'aikatan gandun daji. Wannan tsoro ya daɗe yana hana mutane barin itace a gona. An yi Kundin Dokokin Karkara a 1993, an yi sabuwar dokar gandun daji a 2004. Kwamitin gari ya je wurin ma'aikacin gandun daji na yankinsa, a yi magana a fili, a san abin da doka ta yarda da wanda ta hana.

Abin da ke wuyan magabata

Ba daidai ba ne a ɗora wa talaka kaya duka. In ana maganar makamashi a rediyo, yawanci lantarki da fetur ake nufi. Muna murna da tashar hasken rana ta Malbaza da aka buɗe a 2018, da ta Goru Banda kusa da Yamai da ta fara aiki a 2023. Amma tukunyar mafi yawan ƴan ƙasa a kan itace take. Muna roƙon magabata su riƙa bin farashin itace da gawayi kamar yadda ake bin farashin hatsi a kasuwanni.

Na biyu, maganar gas. Matatar mai ta SORAZ a jahar Damagaram ta fara aiki a watan Nuwamba 2011, tana kuma fitar da gas na girki. Bayan haka hukuma ta tsayar da kuɗin cika tulu mai kilo 6 a kan jika ɗaya da dala 160. Gas ba shi da hayaƙi irin na itace. Abin da ke hana talakan birni shi ne kuɗin farko: sayen tulu da kan murhu a tashi ɗaya. Sai kuma ƙarancin da akan yi, har wasu ƴan kasuwa su ɗora a kan farashin hukuma. A taimaka wa masu ƙaramin ƙarfi su sayi tulu da biya kaɗan kaɗan. A tsare farashi. A koya wa mata yadda ake aiki da shi lafiya: tulu a tsaye a wuri mai iska, a duba tiyo, a rufe bayan girki, in an ji wari kada a kunna ashana. Kowane gidan birni da ya koma gas ya rage wa dajin karkara nauyi.

Na uku, kasuwannin itace na karkara. Dokar 1992 ta ba garuruwan da ke bakin daji ikon sara da sayar da itace bisa ƙa'ida, ta kuma ba su kaso cikin harajin. An yi haka a wurare kamar dajin Baban Rafi, kudu da Maraɗi. Manufar ita ce wanda ke zaune kusa da daji ya ci amfaninsa, don ya tsare shi. Inda aka bar ƙa'ida, aka wuce adadin da aka yanke, daji ne ke ƙarewa. A farfaɗo da kwamitocin, a bayyana wa jama'a inda kuɗin haraji ke tafiya.

Kira ga magidanta da mata

Maigida, kuɗin itace cikin cefane yake. Kada ka auna hatsi ka miƙa, ka juya baya, ka bar uwar gida da neman abin dafawa. In kana da amalanke, ka ɗauko wa gida itace kafin damana. In za ka yi sharar gona bana, ka bar kututture ko da ashirin ne. Ka bar wa gona rabin karanta. Ka taya matarka ɗauko yumɓu.

Mata kuma kuna da ƙarfin da kuka gina da kanku. Ƙungiyoyin asusu na Mata Masu Dubara a jahar Maraɗi aka fara su a 1991, yau har wasu ƙasashe sun koya. Asusun da ke sayen akuya zai iya sayen murhun ƙarfe, ko tulun gas, ko fitila mai aiki da hasken rana wadda za ta raba gida da sayen batir. Wadda ta iya ginin murhu ta koya wa maƙwabtanta.

Kowace shekara, ranar 3 ga watan Agusta, muna dasa itatuwa don bikin ƴancin kai. Abu ne mai kyau. Amma itacen da zai dafa tuwon gida, shi ne wanda aka bari a gona lokacin sassabe, aka tsare shi daga gatari da bakin akuya. Ba mu da iko da farashin mai a duniya. Muna da iko da wuƙar da ke hannunmu ranar sharar gona, da yumɓun da ke bayan gari. Mu karanta wannan shafi a majalisa da wurin asusu, mu karanta wa waɗanda ba su iya ba, sannan kowane gari ya yanke shawararsa kafin ruwa ya sauka.

Allah ya ba mu lafiya da damana mai albarka.